Mai Kawo Koren Filas

Ranar Litinin da hantsi Manaja ya shigo ɗakin kwamfuta da ambulan a hannu, yana wata fara'a da ma'aikatan maɗaba'ar suka daɗe da gane cewa ƙarin aiki ne a bayanta. Ya wuce tebur biyu ya tsaya a na uku, na jikin taga, inda wata mata mai tabarau take tone dattin da ya maƙale tsakanin maɓallan rubutu da tsinken ashana. Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Manajan da ya girme ta, domin shekara talatin da ɗaya ke nan tana buga rubutu a wurin, tun zamanin tafireta.

"Yaya, ƙanin nan naki zai tada mana ƙura," in ji Manaja. "Bugu na shida na littafinsa zai fito da ƙarin shafi. Ya ce lokaci ya yi da zai faɗi mai kawo filas ɗin."

Mai ɗinkin littattafai, wanda ya leƙo aron almakashi, ya riƙe baki. "To, malaman makaranta sun shiga uku. Shekara ashirin suna cin abinci da filas ɗin nan, yau za a buɗe masa murfi."

Aka yi dariya, ban da Yaya. Ta karɓi ambulan ɗin da hannu biyu ta ajiye a gefe, ta ce sai ta gama kalandar da ke gabanta. Ƙarya take yi, tun ranar Juma'a ta gama kalandar. Ba ta son ta buɗe shi a gaban mutane ne.

Ƙanin nata, wanda a gida ake kira Auta, littafi ɗaya tak ya rubuta a rayuwarsa. Labarin wani saurayi ne da tarin fuka ya kwantar wata bakwai a saman benen wani asibiti, a ɗakin da ba a barin 'yan dubiya su shiga. Littafin ba shi da wani kauri, amma da aka sa shi cikin littattafan jarrabawa sai ya zama babu ɗalibin da zai tsallake shi. Abin da ya ɗaga shi kuwa wani koren filas ne mai lotsawa a gefe. Sau tara yake fitowa a labarin. Saurayin zai farka da safe ya tarar da shi a kan durowar gefen gado, cike da shayi mai zafi, kuma daga farkon littafin har ƙarshensa ba a nuna hannun da ya kawo shi ba. A babi na shida ne kawai aka yi wata safiya da bai zo ba.

Babu irin fassarar da malamai ba su yi wa filas ɗin nan ba. Wannan ya ce alama ce ta sa rai da rayuwa, wancan ya ce rahama ce da ba a ganin mai aiko ta. Wani mai dogon karatu ma ya cika shafi arba'in yana rantsuwa cewa lotsawar gefen tana nufin raunin da talauci ya yi wa al'umma. Yaya ce ta buga masa kundin nasa, ta kuma ci dariya har ta yi kuskure uku a shafi ɗaya, abin da ba ta saba ba. Ta san inda lotsawar ta fito. Ƙofar bas ce ta matse filas ɗin, yana cikin jakarta.

Shekara ashirin da shida ke nan da abin. A lokacin tana goyon 'yar wata huɗu. Mijinta, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsoron ciwo fiye da kima, ya kafa mata doka cewa in ta kuskura ta bi ko hanyar asibitin nan, kada ta dawo ta taɓa masa 'ya. Inna kuwa, mahaifiyarsu, wannan tarin ne ya kashe mata miji, ita ta riƙe masa kwano har ƙarshe. Da aka zo mata da labarin Auta sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta ce ta yi jinyar ɗaya ta binne, ba za ta tsaya kallon na biyu ba, kada wanda ya sake ambata mata sunansa. Tsoro ne ya rufe ta, ba wai ba ta son ɗanta ba, amma mai kwance a asibiti ina ruwansa da wannan bambanci?

Sai Yaya ta ɗauki abin a kanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Kullum da safe takan dafa shayin gida ta ƙara ruwa, ta cika filas ta tura shi ƙasan jakar aiki, ta rufe da takardu. Ta kai jaririyar wajen maƙwabciyar da ke riƙe mata ita, ta hau bas, ta sauka kafin a iso maɗaba'a, ta taka zuwa ƙaramar ƙofar asibitin. A nan take haɗuwa da wata mai goge-gogen ɗakin majinyatan, wadda ake ce wa Gajeriya. Tun ranar farko Yaya ta ja ta gefe ta ce, "Ki ce masa Innarsa ce ta kawo, tana ƙasa, gwiwa ta hana ta hawa bene. Ni kuma ba ki taɓa ganina ba." Da wannan magana ɗaya ta rufe wa miji ido, ta kuma ba yaron uwa. A lokacin gani take ta yi dabara.

In an tashi aiki sai ta biya ta karɓi filas ɗin, ta ratse gidan Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta yi ta zuba: yadda hanya take, abin da maigadi ya ce, abin da Gajeriya ta ce game da jikin Auta. Tana yi ne ko zuciyar tsohuwar ta yi laushi ta ce gobe a je da ita. Inna ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma taɓa korar ta ba.

Ranar da aka sallami Auta, ya shigo gida a rame kamar a hure shi ya faɗi, ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, na gode da shayin nan." Inna ta ɗaga ido ta dubi Yaya ta saman kansa. Sannan ta ɗora masa hannu a ka ta ce, "Allah ya ƙara lafiya." Mijin Yaya yana tsaye a wurin, saboda haka Yaya ta haɗiye maganarta.

Daga baya mijin ya rasu, Inna ma ta bi shi shekara shida da suka wuce, duk da haka Yaya ba ta buɗe baki ba, kuma littafin ne ya hana ta. Ita Auta ya kawo wa rubutun hannunsa ya ce ta buga masa. A shafi na goma sha huɗu ta ci karo da koren filas, har da lotsawarsa, babu hannu a jikinsa, ta kifa kai a kan tafireta ta yi kukan daɗi. Ta ce a ranta ai yaron nan ya sani. Yana da kai, ya gano Inna ba ta taɓa taka asibitin ba, ba zai iya kiran sunan Yaya bai tona asirin Inna ba, shi ya sa ya bar mata wurin a buɗe. Saurayin littafin ba shi da 'yar'uwa ko ɗaya, amma wannan ma ta samo masa amsa: ya cire ta daga cikin mutane ne ya sa ta a filas. Gaisuwarsa da ba ta wuce kalma uku, da zuwansa gidanta da sai an yi rasuwa ko haihuwa, duk ta ce halin marubuta ne. Malaman da take yi wa dariya ba su fi ta iya ƙirƙira wa filas ma'ana ba, sai dai ita ba a ba ta takardar shaida ba.

Sai da Manaja ya koma ofishinsa, ƙarar inji ta cika gidan, sannan ta yage bakin ambulan ɗin. Takarda uku ce don shafi ɗaya, domin ciwon suga ya ci idon Auta, da manyan baƙaƙe yake rubutu yanzu, layi yana hawa kan layi. Ta jingina ta farko a jikin allo ta ɗora yatsu.

Wanda ya daɗe a wannan sana'a ba ya karanta abin da yake bugawa. Ido ya gani, yatsa ya danna, ma'ana kuma sai ta biyo baya da layi biyu ko uku. Haka Yaya ta buga labarin wata mata tana saukowa daga bas cikin ruwan sama, igiyar takalminta ta tsinke, ta tsuguna ta ɗaure da zaren buhu. Ta buga na maigadin ƙaramar ƙofa mai rediyo a kunne, wanda sai an gaishe shi sau uku yake ɗaga kai. Ta buga safiyar da kwalbar cikin filas ɗin ta fashe a bakin ƙofar, tafasasshen shayi ya zubo wa matar a cinya, ta ɗingisa ta shiga kasuwa neman sabuwar kwalba, ba ta samu ba sai la'asar. Babu abin da aka ƙara, babu abin da aka rage. Tabaraunta ya yi hazo, ta ci gaba a haka, zuciyarta fal, tana cewa yau dai, yau dai.

Yatsunta sun riga sun sa aya a layin ƙarshe kafin ta ji abin da ya ce. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta matso da fuska jikin allon. Layin ya ce: "Wannan mata kuwa mahaifiyarsa ce."

Ta sauke hannunta a kan cinya. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata inda Auta ya samo zaren buhu da rediyon maigadi ba. Mutum ɗaya ta taɓa ba wannan labari, ta bayan ƙofa a rufe. Ashe Inna tana ji, tana kuma adanawa. Abin da ya fara zuwa wa Yaya ba fushi ba ne, kunya ce, irin ta wanda ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa sannan ya waiga ya ga da na bayansa ake. Shekara ashirin hannunta yana sama.

Da yamma ta tarar da 'yarta a tsakar ɗaki ta baje takardun ɗalibai tana ba su maki da jan biro. Jaririyar nan ce ta wancan lokaci, yanzu malama ce a sakandare, kuma littafin kawunta take koyarwa. Ba ta san komai ba game da tafiyar asibiti, domin Yaya ba ta taɓa gaya mata ba.

"Mama, da gaske Kawu zai faɗi mai kawo filas? Duk makaranta an ɗauka. Wallahi zai ɓata mana littafi. Daɗin abin ai rashin sanin ne." Ta ɗaga wata takarda tana dariya. "Ji wannan, wai filas alama ce ta cewa asibitin ba a ba da abin karin kumallo. Sai da na ba shi maki biyu don gaskiyarsa. Wa ya ce ne, Mama? Kin gani ai."

"Ya ce uwarsa ce."

"Shi ke nan?" Malamar ta taɓe baki ta koma kan takardunta. "Wannan ai ba sai an faɗa ba. Wa zai yi wata bakwai yana wannan wahala in ba uwa ba?"

Yaya ta ce haka ne, ta shiga ciki ta cire mayafi. Ba ta ci abincin da aka ajiye mata ba. Kafin ta kwanta ta yanke shawarar gobe za ta je ta gaya masa, kowa ya ji. Ba lada take nema ba, ba kuma sunanta a takarda ba. So take ɗan'uwanta ɗaya da ya rage mata ya dube ta sau ɗaya ya san ko ita wace ce, kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu.

Washegari bayan azahar ta ce wa Manaja akwai abin da za ta tantance da marubucin, ta ɗauki takardun ta hau bas. Matar Auta ce ta buɗe mata, ta yi turus kafin ta ce, "Yaya? Sannu da zuwa, shigo." An fito da gadonsa falo, an tara masa matasai a baya, domin in ya kwanta sosai numfashi ba ya fita. Huhun da tarin ya taɓa ci ne ya dawo masa, ga suga, likita ya riga ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Tukunyar iskar numfashi tana tsaye a gefen gadon, da siririn bututu zuwa hancinsa. Ta san ba shi da lafiya, amma ba ta san ya kai haka ba, domin ba a gaya mata ba.

"Wa ke nan?" in ji shi, yana juya kai wajen ƙofa.

"Ni ce, Auta."

"Yaya? Lafiya dai ko?"

Ta ja kujera ta zauna. Matar ta kawo ruwa ta koma kicin. Yaya ta shimfiɗa takardun a kan gwiwa tana gyara musu kunne, ta ce shafin nan ne, akwai abin da take so su duba kafin ya hau inji.

"Inna ba ta iya hawa bas ita kaɗai, ka sani," ta ce. "Ko kasuwa sai an raka ta."

Ya yi murmushi, fuskarsa ta saki yadda Yaya ta manta tana yi. "Ai abin da ya sa na rubuta ke nan. Matar da ba ta tsallaka titi sai an riƙe mata hannu, ita ce ta yi wata bakwai tana wannan hanya. Saboda ni."

"Ka taɓa hango ta? Ko ta taga?"

"Tagarmu wajen ƙona shara take kallo. Kuma ba sai na gan ta ba, da bakinta ta ba ni labarin komai, kaɗan-kaɗan, in na zauna da ita. Har ƙunar da shayi ya yi mata ranar da kwalbar ta fashe. Na ce ta nuna min, ta ce ba ni da kunya."

Hannun Yaya ya sauka a kan cinyarta ta dama. Tabon yana nan a ƙarƙashin zane, faɗin tafin hannu, fatar wurin ta yi sulɓi. Kira ɗaya za ta yi wa matarsa su shiga ɗaki ta gani da idonta, magana ta ƙare.

"To me ya hana ka faɗa tun bugun farko?" ta tambaya.

"Ita ta hana. Ta ce in na sa ta a takarda ba ta yafe ba. Kin san Inna da kunya. Sai na cire ta na bar filas ɗin shi kaɗai, malamai suka samu abin yi." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, sai da ta tashi ta riƙe masa kofi ya kurɓa. Da ya samu kansa ya ce, "Yanzu tana inda kunya ba ta damun ta, ni ma ina hanya. Ba zan tafi ban faɗa ba."

Wurin da ta yi shekara ashirin tana zaune a littafin ke nan, ashe ba ita aka bar wa ba. Ta koma kujera. Ta buɗe baki, ya riga ta.

"Akwai abin da ban rubuta ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. A wata na uku na daina shan magani. Ina karɓa, in tura cikin matashi. Mutum huɗu aka fitar daga ɗakinmu a sati ɗaya, na ce gara in bi su in huta. Sai wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce yau dai ba za ta zo ba. Sai ga Gajeriya da filas, jikinsa duk ruwa. Na ce tsohuwar da ta riƙe wa Baba kwano har ya cika, ita ce a tsaye a ƙasa cikin ruwan nan tana jiran in warke, ni kuma ina ɓoye ƙwaya a matashi. Ranar na koma shan magani." Ya ja iska da ƙyar. "Ko yanzu in numfashi ya sarƙe min, tsoro ya taso, ita nake tunawa a bakin ƙofar nan. Sai in ji abin ya lafa."

Yaya ta tuna ruwan. Ranar ce ta zaren buhu.

"Tunda Allah ya kawo ki da ƙafarki," in ji shi, muryarsa ta sauya, "bari in fitar da abin da ke raina. Wata bakwai, Yaya. Kullum Gajeriya ta shigo sai na ce mata, yayata fa? Sai ta ce ita ba ta taɓa ganin wata yaya ba. Na san kina goyo. Na san halin mijinki. Amma ko 'yar takarda mai layi biyu? Ke da rubutu ne sana'arki?"

Takarda ba ta taɓa zuwa mata a rai ba a lokacin, gani take filas ɗin ya faɗi komai.

"Shi ya sa ban ba yaron nan 'yar'uwa a littafi ba. Shi ya sa kuma na kawo miki ke ki buga, duk masu tafiretar da ke gari. Na so ki gani ki ji zafi, ki zo ki ce Auta, ina nake a nan? In gaya miki, ki ba ni haƙuri, ya wuce. Sai kika buga shi tsaf, babu kuskure ko ɗaya, kika miƙo min kina murmushi. Ranar na ce lallai Yaya ba ta ma san ta yi wani abu ba."

Maganar tana bakinta, a shirye, tun daga bas take jera ta. Ranta ya ɓaci da Inna, wadda ta kwashe mata wahalarta ta yafa a jikinta ta tafi da ita kabari. Ya ɓaci da wannan mai taurin kai da ya gwammace ya rubuta littafi guda a kan ya yi tambaya ɗaya. Ya fi ɓaci da ita kanta, domin ita ta sa wa Gajeriya maganar a baki. Tana son ta faɗa, so mai tsanani. Amma ta dubi ƙirjinsa yana hawa yana sauka da ƙyar, ta ga abin da zai rage masa in ta faɗa: uwar da ta turo ƙofa ta kuma yi masa ƙarya har ta mutu, da yayar da ya yi shekara ashirin da shida yana hukuntawa a kan laifin da ba ta yi ba. Da wannan zai kwanta, a 'yan kwanakin da suka rage, kuma in numfashi ya sarƙe babu kowa a bakin ƙofa.

"Ba na son in tafi da ke a raina," in ji Auta. Ya miƙo hannu yana lalube a iska har ta kama. "Na gaji da riƙo, Yaya, wallahi na gaji. Ki ce min in yi haƙuri kawai. Sau ɗaya in ji daga bakinki."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gefen gadon, takardun suka zube ƙasa. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta riƙe hannun nasa da nata biyu.

"Ka yi haƙuri, Auta," ta ce. "Ban kyauta maka ba."

Ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefen bututun. "Shi ke nan. Ya wuce, na yafe miki duniya da lahira." Ya matse yatsunta da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Kin ga abu kaɗan, muka ɓata shekaru. Shafin fa, akwai gyara?"

"Babu. Yadda ka rubuta haka zai fita."

Ba a jima ba barci ya ɗauke shi, bakinsa a ɗan buɗe, fuskarsa a sake. Ta zare hannunta a hankali, ta tsince takardun ta jera su, ta dafa gadon ta miƙe.

Matarsa ta rako ta har bakin ƙofa, idonta ja, domin ta ji komai daga kicin. Ta kama mayafin Yaya ta ce da ƙaramar murya, "Yaya, Allah ya saka miki. Ba ki san yadda abin nan ya daɗe yana cin sa ba. Yaran nan duk da labarin suka tashi, kullum in sun yi faɗa sai ya ce kada su zama irinku, wani ya kwanta wani ya kasa leƙa shi. Yanzu sai in gaya musu kin zo kin wanke kanki."

Yaya ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta dubi falon ta saman kafaɗar matar, inda labule yake kaɗawa a kan gadon.

"Ku riƙa rufe masa tagar nan da yamma," ta ce. "Iska tana shigar masa ƙirji."